Ƙwaƙwalwar Da Ba A Kulle Ba

"Ba zan buɗe ta ba, Si Lutfi."

Sundus ta faɗi haka ba tare da ta ajiye ƙarfen narka dalma da ke hannunta ba. Mai kamfanin da take wa aiki yana tsaye a kanta riƙe da ƙaramin kofin gahawa da ya riga ya huce. A kan teburin da ke tsakaninsu akwai koren allon lantarki wanda bai fi tafin hannu ba, da 'yar baƙar ƙwaƙwalwa a tsakiyarsa kamar farcen yatsa.

"Ban ji ba," in ji shi.

"Ka ji. Allon Si Munsif ne. Ga sunansa nan a gefe, ko kankarewa ba ku yi ba."

"Allona ne. Ni na saye shi, har da injin da aka ciro shi daga ciki."

"Allon ka saya. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar nasa ne."

Mata shidan da ke haɗa kaya a dogon tebur suka ƙara sunkuyar da kai. Wata ta miƙa hannu ta rage muryar rediyo, wai don kada ta dami maigida, alhali don a ji da kyau ne.

Injin ƙyanƙyasar ƙwai kamfanin Si Lutfi yake ƙerawa, a unguwar masana'antu ta birnin Safakis, kudu da Tunis. Akwatin da fankar da abin ɗumamawar kowane maƙeri zai iya haɗa su. Abin da ke raba inji da inji shi ne manhajar da aka rubuta a cikin ƙwaƙwalwa. Ita ke cewa yanzu a ƙara zafi, yanzu a juya ƙwai, yanzu a saki laima. Injinan Si Lutfi, a ƙwai goma suna fitar da bakwai. Na Si Munsif, wani tsohon malamin makarantar sana'a da ke aiki a ƙarƙashin benensa da mutum uku, suna fitar da tara, kuma ba wanda ya san me yake yi wa laima a kwana ukun ƙarshe. Shekara goma sha biyu ya yi yana gyara manhajar tasa. Ga shi a wata mai kamawa ƙungiyar masu kiwon kaji ta yankin za ta gwada injinan kowa, wanda ya ci shi za a ba aikin inji ɗari biyu.

Si Lutfi ya ajiye kofin a kan takardunta.

"'Yata, da na ɗauke ki aiki mutum nawa ne a layi? Goma sha tara, duk maza. Na tsallake su saboda kundin digirinki. Shafi ɗari a kan yadda ake fasa kullen ƙwaƙwalwa."

"Don a san yadda za a toshe kafar na rubuta shi."

"Wanda ya san inda kafa take ai ya san hanyar shiga. Ni ban ce ki kwafa ba. Ki leƙa kawai, mu ga me tsohon nan yake yi da laima."

"Haka kowa yake cewa."

"To kowa yana yi ke nan. Namu na farko, wata nawa ya yi a kasuwa kafin mu gan shi a akwatin wasu da sunan da ba ma iya karantawa? Wa ya tausaya mana? Dubi mutanen nan. Mutum goma sha huɗu ke ci a nan. In aikin nan ya wuce mu, ke za ki zaɓi waɗanda za a sallama?"

Sundus ba ta dubi matan ba. Ta san maganarsa ba duka ce ƙarya ba, shi ya sa ta fi ciwo.

"Ka ba ni wata biyu da ƙwai dubu, zan kai namu takwas."

"Wata ɗaya gare mu, kuma tara nake so. Kowa ya ci ladan kuturu, Sundus, kin san sauran." Ya ɗauki kofinsa. "Zuwa la'asar. Ko ki hau ki ce mini kin fara, ko ki hau da katin shigarki a hannu. Wajdi zai karɓi allon bayan azahar."

Ya hau matakalar ƙarfe zuwa ofishinsa mai gilashi. Aka mayar da muryar rediyo.

Akwai abin da Si Lutfi bai sani ba. Da safe, kafin ya iso, Sundus ta tarar da allon a kife a kan teburinta ba takarda ba bayani, ta zaci cikin na gyara ne da masu gonaki ke dawowa da su. Ta maƙala masa 'yan wayoyin gwaji huɗu kamar yadda take yi wa kowane allo, ta dubi fuskar kwamfuta. Sai da ta ga abin da aka rubuta sannan ta juya allon ta ga sunan.

Ƙwaƙwalwa irin wannan mataki uku gare ta. A sifili, a buɗe take, duk mai waya zai kwashe abin da ke ciki kafin ya gama kurɓar shayi. A mataki na ɗaya ba ta karantuwa, in ka matsa sai ka buɗe, sai ta goge kanta tas ta ba ka fanko. Wannan shi ne kullen da Sundus ta iya fasawa, da girgiza wutar da ke shiga a daidai ƙiftawar da ƙwaƙwalwar ke duba makullinta; aikin kwana uku ne ko huɗu ga mai haƙuri. A mataki na biyu kuwa ƙofar kanta ake toshewa, har abada, ko mai ita ba zai ƙara shiga ba.

Allon Si Munsif a sifili yake. Shekara goma sha biyu na aikin mutum, a ajiye kamar tire a bakin titi.

Ba ta karanta ba. Ta zare wayoyin, ta zauna tana kallon hannuwanta har Si Lutfi ya sauko. Shi yana tsammanin aikin kwanaki ne, aikin da ita kaɗai ta iya. Amma in allon ya isa teburin abokin aikinta Wajdi, ba a bukatar digiri. Maɓalli ɗaya ne.

Wajdi ya turo kujerarsa mai taya daga teburinsa har ta bugi nata. Shekara goma sha biyar yana kamfanin, tun ana haɗa allo a garejin gidan su Si Lutfi, kuma bai taɓa kiranta da sunanta ba.

"Injiniya, yau kuma wa'azi aka yi mana kyauta. Saura kaɗan in ce amin."

"Ka koma wurinka."

"Zan koma. Amma ki san ni aka jefa a rami. Ni da fasa kulle? Ni ko gwangwanin kifi sai matata ta buɗe mini. Zan maƙala wayoyi, in yi kwana biyu ina murtuke fuska, in ce ta gagara. Ke ma da haka kika yi, da yanzu muna shan shayi."

"Ba na iya wannan."

"Na sani. Jami'a ta koya miki komai ban da zaman duniya." Ya miƙe yana laluben makullin babur ɗinsa. "Burodi da kifi zan sayo. A sa miki yajin harisa ko zafin da kike ciki ya isa?"

"A sa."

Ƙarfe sha biyu da rabi wurin ya watse. Matan suka fita bayan gini da kwanukansu, Si Lutfi ya ja motarsa ya tafi gida cin abinci kamar kullum. Ba abin da ake ji sai fankar injin gwaji da ke kusurwa.

Sundus ta daɗe tana kallon allon. Ƙin aiki abu ne da za ta iya faɗa a gaban kowa. Wannan da take shirin yi daban ne: kayan maigidanta ne, a teburin maigidanta, da wayoyin maigidanta. Ta juya shi a ranta ta kowane gefe, bai yi kyau ba ko ta ina. Ta kuma juya ɗayan, wato ta naɗe hannu ta ce ita dai ba ta taɓa ba, ta bar Wajdi ya danna maɓallin da ƙarfe biyu. Shi ma bai yi kyau ba, kuma ya fi kama da wayo.

Ta maƙala wayoyin huɗu. Sifili. Ta buɗe shafin kulle. Mataki na ɗaya zai tsayar da Wajdi, amma ba zai tsayar da wani irinta a Tunis ba, kuma Si Lutfi ya san hanyar Tunis. Ta zaɓi na biyu. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ba a dawowa daga wannan. Ta danna. Ta sake tambayarta. Ta sake dannawa.

Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba. Ƙaramar fitilar allon ta ɗauke ta dawo, lambobin zafi suka fito a 'yar fuskarsa kamar ba abin da ya faru. Inji zai yi aiki da shi lafiya lau. A kwamfuta kuwa aka rubuta cewa ba a ga kowace na'ura ba.

Ta kai allon teburin Wajdi ta ajiye.

Ya dawo da burodi biyu a takarda, ya miƙa mata ɗaya, ya zauna yana ci da hannun hagu yana maƙala wayoyi da na dama. Ya gwada, ya canza waya, ya sake gwadawa. Sai ya daina tauna. Ya turo kujerarsa, wannan karon a hankali.

"Si Munsif bai taɓa sa mataki na biyu ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na san mutumin nan. Ƙusa in ta lanƙwashe miƙe ta yake yi. Ba zai toshe ƙwaƙwalwar da zai iya sake rubutawa ba."

Ya miƙa hannu ya ja linzamin kwamfutarta, ya gangara cikin jerin abin da aka yi ranar. Ya tsaya a layin safe. Ya karanta, ya goge bakinsa, ya sake karantawa.

"A buɗe take?"

"A buɗe."

"Kuma ba ki..."

"A'a."

Wajdi ya jingina da kujera ya dubi rufin kwano.

"Allah ya raba mu da masu ilimi. An ajiye miki a faranti. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari." Sannan ya ce, "In wannan a buɗe take, 'yan'uwanta ma a buɗe suke. Duk wanda ya fito daga hannunsa a 'yan watannin nan."

"Shi nake tunani."

"To ki saurare ni, Injiniya. 'Ya'yana uku, ƙaramar ba ta yi haƙori ba. In maigida ya tsare ni ya tambaye ni, ba zan rantse a kan ƙarya ba. Amma yau ba ta ni yake ba, ta ke yake. Gobe ma sai ya sha gahawa biyu kafin ya sauko." Ya rufe shafin. "Ki ci burodinki. An biya kuɗin harisar nan."

Da aka kira la'asar ta yi salla a ɗan ɗakin da ke bayan ma'ajiya, ta ciro katin shigarta daga wuya, ta hau matakala.

Si Lutfi ya ga katin a hannunta, ya nuna mata kujera. Ya huce, kamar yadda yake hucewa kullum in ya ci abincin gida.

"Wajdi ya ce tsohon ya toshe ta gaba ɗaya. To kin gani? Faɗan banza muka yi. Ko kin so ma ba za ta buɗu ba." Ya buɗe tafin hannuwansa. "Abu ɗaya nake so. Kin yi mini musu a gaban ma'aikata. Mu sauka tare, ki ce kin gwada kin kasa. Shi ke nan, ki mayar da katinki wuya."

Ƙofa ce ya buɗe mata, mai faɗi kuwa, kuma ta ga alheri a ciki. Kalma biyu ce. Amma ta san in ta ce ta kasa, ta yarda ke nan ita mai gwadawa ce, kuma duk ranar da aka samo wani allon, teburinta za a kawo shi.

"Ban gwada ba, Si Lutfi. Ban kuma kasa ba. Ƙi na yi."

"Wa zai sani?"

"Kai da ni."

Ya dube ta kamar yadda ake duban injin da aka kashe wa kuɗi ya ƙi tashi.

"Shekararki nawa?"

"Ashirin da bakwai."

"Ni a ashirin da bakwai ina ɗaukar wa wani jaka ina cewa to. Shi ya sa yau nake da wannan kujerar." Ya jawo wata takarda. "Shaidar aikinki zan ba ki, ba zan rubuta sharri ba. Amma Safakis ƙarama ce, 'yata. Masu irin sana'ar nan ba mu kai ashirin ba, kuma duk a wurin biki ɗaya muke haɗuwa. Za a tambaye ni. Zan ce kin iya aiki, zan kuma ce ba kya jin magana. Ko ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ba."

Ta ajiye katin a kan teburinsa.

Kayanta ba su cika kwali ɗaya ba: madubin ƙara girma da ta saya tun tana ɗaliba, kofi, silifa, littafi biyu. Matan suka yi mata sallama da ido. Wajdi bai ɗago ba, ya dai ce wa allon da ke gabansa, "Tsohon yana hanyar Mahdiya, kilomita tara. Ƙofa shuɗiya bayan mai gyaran taya."

Tasi biyu ta shiga. A ta biyu, daga tashar Bab Jibli, ta matse a baya tsakanin wata dattijuwa mai kwandon kifi da wani mai barci, kwalin a cinyarta. Babura suna ratsa motoci ta ko'ina. Dattijuwar ta leƙa kwalin, ta dubi fuskarta, ta ce Allah ya musanya da mafi alheri, ba ta ƙara ba.

Ma'aikatan Si Munsif sun tashi lokacin da ta isa. Shi kaɗai ta tarar, dogon tsoho cikin shuɗiyar rigar aiki, tabarau a rataye a wuya da zare. A bayansa 'yan tsaki suna ta tsiwa a cikin wani inji mai ƙofar gilashi.

"Mun rufe, 'yata. In gyara ne sai gobe."

"Ba gyara ba ne, Baffa. Sunana Sundus Jarraya. Har zuwa la'asar ɗin nan a wurin Si Lutfi nake aiki."

Ya ɗaure fuska.

"To me Lutfi yake nema a ƙofata?"

"Ba shi ya aiko ni ba. Ka ɗauko allo ɗaya cikin waɗanda ka gama, ka duba matakin kullensa."

"Ke za ki koya mini kulle? Ina kulle ƙwaƙwalwa tun kina rarrafe."

"Ka duba dai."

Ya daɗe yana kallonta. Wataƙila kwalin ne ya sa, da silifar da ta leƙo daga ciki. Ya juya ya ɗauko allo daga kantar waɗanda aka naɗe, ya yage ledar, ya sa tabarau, ya maƙala wayoyi. Sundus tana tsaye a bakin ƙofa, don bai ce ta shigo ba. Daga nan ta ga wuyansa ya sandare.

Ya ɗauko na biyu. Ya ɗauko na uku daga can ƙasa. Sannan ya buɗe shafin da yake rubuta manhaja da shi, ya kai fuskarsa kusa, ya sa yatsa a kan wani ɗan akwati fanko a kusurwa, wanda ya kamata a ce akwai alama a cikinsa.

"Bayan ƙaramar Salla," ya ce, ba da ita yake ba. "Tsohuwar kwamfutar ta mutu, na sayi wannan. A waccan sau ɗaya na sa alamar, shekara tara da suka wuce. Ita take kulle mini kowane allo da kanta. Na manta ma akwai ta."

Ya zauna a kan wani akwati. Ya jawo littafin da yake rubuta lambar kowane inji da sunan wanda ya saya, ya bi da yatsa daga Salla zuwa yau, leɓensa yana motsi.

"Tamanin da uku."

"Ɗaya na kulle shi, da maigida ya fita cin abinci. Wanda aka kawo mana."

"Kin kulle shi." Ya cire tabarau. "Wato Lutfi ya sayi injina ya farke."

"Wannan tsakaninku ne. Ni abin da na zo faɗa na faɗa. Zuwa gobe da hantsi zai iya sanin a buɗe suke."

"Kafin ki kulle, kin karanta?"

"A'a."

"Ta yaya zan sani?"

"Ba yadda za ka sani."

"Ƙwaƙwalwa ba ta nuna an karanta ta."

"Ba ta nunawa."

Tun a tasi ta gaya wa kanta ba godiya ta zo nema ba, sai yanzu ta gane ashe ta ɗan sa rai. Ta ƙara riƙe kwalin.

Si Munsif ya miƙe ya ɗauki wayarsa, ya kira lambar farko a littafin. Nan take muryarsa ta koma ta fara'a. Ya ce wa mai gonar ai kamfani ne ke zagayen duba inji kyauta, gobe da sassafe zai biyo, minti biyar ne, ko kashe injin ba sai an daɗe ba. Ya kira na biyu, ya kira na uku. A na huɗu ya rufe bakin wayar da hannu ya dube ta, kamar ya yi mamakin ganinta har yanzu.

"Ya kore ki?"

"Na ajiye masa katinsa."

"Duk ɗaya ne." Ya gama wayar, ya ajiye. "Ki shigo ki zauna mana, kin tsaya kamar mai karɓar haraji."

Ta shigo, ba ta zauna ba.

"Zan gaya miki gaskiya, tunda ke ma ita kika kawo mini. Ina bukatar mutum irinki. Idona ya tafi, kin ga shaida. Amma ba zan ɗauke ki ba. In na ɗauke ki gobe, garin nan zai ce tun farko ni na dasa ki a wurin Lutfi. In kuma wata rana injinsa ya fara fitar da tara, zan kwana ina tunanin ke ce, ko da ba ke ba ce. Sannan..." Ya sosa gemu. "Kin taɓa kayan maigidanki yana cin abinci. Don ni kika yi, na sani. Amma ni ma ina fita cin abinci."

Sundus ta ji maganar ta shige ta har ƙasa. Ta nemi inda za ta kama ta ce ƙarya ce, ba ta samu ba.

"Ban zo neman aiki ba, Baffa."

"Na sani. Shi ya sa na iya faɗa miki."

"In za ka zagaya, ka fara da waɗanda suka saya ta hannun dillali. Su ne za su sayar wa duk wanda ya taya. Kuma ka sa wa mai gwajin ƙarshe doka: allo ba ya shiga leda sai an gwada karanta shi ya ƙi."

Ya ɗauki fensir ya rubuta a bangon littafin, kamar ɗalibi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar Jarraya," ya ce, idonsa a kan lamba ta biyar.

Ta fito ana gab da magariba. Mai gyaran taya yana jan ƙofarsa. Ta tsaya a bakin titi da kwalinta, tasi uku suka wuce a cike kafin ta sami wuri.

A gida mahaifinta yana tsakar gida yana gyara bututun ruwa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya son dogon labari. Ya dubi kwalin, ya dube ta. Ta ba shi labarin a tsaye, ba ta rage ko da zancen cin abincin ba.

"Tsohon ya ba ki aiki?"

"A'a."

"Ya yarda ba ki karanta ba?"

"Ban sani ba."

Ya ɗaure bututun, ya murɗa famfo ya ga ba ya ɗiga.

"Kai kwalin ciki kafin uwarki ta gani. Bari ta gama girki tukuna."

Kwana shida Si Munsif ya yi yana zagaye gonaki a tsohuwar motarsa, har garin Sidi Buzid. Ya kulle tamanin. Biyu ba a gan su ba, masu su sun sayar, ba su san wa suka sayar wa ba.

Sundus kuwa ta kai takardunta kamfani goma sha ɗaya a Safakis. Huɗu sun kira ta, sun yaba da digirinta, sun ce za su neme ta. Wata goma sha huɗu ta yi a gida tana koya wa 'yan sakandare lissafi a teburin cin abinci. Aikin da ta samu daga ƙarshe a Tunis yake, na gwada allunan da wasu suka zana, matsayi biyu ƙasa da wanda ta bari. Ɗaki take haya da wasu mata biyu, tana zuwa gida sau ɗaya a wata. Tun daga ranar ba ta ƙara rubuta manhajar da ta shiga cikin inji ba.